Shi Kaɗai a Tsakanin Littattafai

Ɗan'uwa mai karatu, ko ka taɓa wuni a wurin aiki ba wanda ya yi maka sallama? Ni na san wannan shirun. Shekarun baya dattawan ikilisiyarmu a Gusau suka danƙa mini mabuɗin ɗan ƙaramin ɗakin karatunmu, suna ganin wanda ya fito daga makarantar tauhidi ai ya iya kiwon littafi. Ni ma haka na zata, shi ya sa ban nemi shawarar kowa ba. Ina nan ina shara ina kaɗe ƙura, ashe gara ta biyo bango ta cinye mana kanta guda ta littattafan sharhi, ta bar mini bangwayensu a jere kamar ba abin da ya faru.

Kunya ce ta kai ni wurin wani malami Musulmi mai kula da laburaren wata makaranta a Tsafe. Bai yi mini dariya ba. Ya ce in janye kantoci daga jikin bango, in ɗaga su daga ƙasa, in kuma buɗe rajistar aro. Ya faɗa mini cewa masu wannan aiki suna da ƙungiya ta ƙasa tun 1962, abin da ban taɓa ji ba. Shi ma shi kaɗai ne a wurinsa, haka wata 'yar'uwa a Bungudu. Muka riƙa kiran juna.

A Satumba 2021 aka rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda 'yan bindiga, hanya kuwa ba ta biyuwa sai da dalili mai ƙarfi. A makonnin nan ne na sake karanta sura ta huɗu ta wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti. Tsohon yana kurkuku, Dimas ya yashe shi, Luka kaɗai ya rage. Ya roƙi alkyabbarsa da littattafai da fatun rubutu, wannan kam na sha yin wa'azi a kai, domin ya dace da son raina. Abin da na daɗe ina tsallakewa shi ne, kafin littattafan ya roƙi mutane: Timoti ya hanzarta zuwa, ya kuma taho da Markus, wanda a dā Bulus ya ƙi tafiya da shi. Manzo bai ji nauyin cewa yana bukatar wani ba. Ni kuwa na ɗauki kaɗaicina tsoron Allah ne, alhali girman kai ne, gama littafi ba ya tsawata wa mai shi.

Kai da kake aiki kai kaɗai, wa ka sani da suna wanda zai iya ce maka ka yi kuskure? Ni dai a ranar na yagi takarda, na rubuta gaisuwa da tambaya ɗaya a kan ɗinkin littafi, na kai tasha na ba direban Tsafe. Bayan kwana tara amsa ta zo, da ɗan ƙullin zare a ciki.