Tsakanin Tafki da Tafki

A gandun dajin Algonquin da ke lardin Ontario na ƙasar Kanada, ba duka tafkunan ne a haɗe ba. Idan ruwa ya ƙare, matafiyi kan fito gaɓa, ya kife kwalekwalensa a kafaɗa, ya bi siririyar hanya cikin itatuwa har tafki na gaba, wani lokaci ya koma ya kwaso tanti da guzuri. Wannan ɗan tsakanin ne ke tsaya mini a rai. Abin da ya ɗauke ka tun safe, yanzu kai ke ɗauke da shi, ba ka ganin komai sai saiwoyi a gaban ƙafarka. An keɓe dajin a 1893, amma wasu hanyoyin sun girme shi nesa ba kusa ba. 'Yan asalin yankin sun bi su da kwalekwalen ɓawon itace tun kafin zuwan Turawa. Nakan yi tunanin mutumin da ya cika jaka a gida don tsoron rashi, sai a hanya ta uku ya fara tambayar kansa wanne ne cikin kayan nan yake buƙata da gaske, ga sauro na cizo, hannuwa biyu kuwa suna riƙe da jirgi.