Abin da Fenti Ke Rufewa: Koyon Waldar Bodi a Gandi

Da wuya a sami motar haya tsakanin Gandi da Rabah, ko mai ɗauko albasa da tafarnuwa daga fadamun Wurno da Goronyo zuwa birnin Sakkwato, tana nan yadda kamfani ya ƙera ta. Akori-kura an ƙara mata tsawon bango don ta ɗauki buhu hawa-hawa, ƙaramar bas an ɗora mata kariya a bisa, Kanta kuwa an yi mata sabon keji na ƙarfe. A Amurka da Turai, masu sauya fasalin bodin mota galibi ado suke nema. A gabashin Sakkwato nauyin kaya ne ke kai mota gaban mai walda, kuma sau da yawa a kan kayan nan akwai mutane zaune. Shi ya sa koyon wannan sana'a a nan ya wuce batun iya riƙe wuta.

Akwai wani matashi a Gandi, bai cika shekara 20 ba, wanda iyayensa na cikin waɗanda suka baro Tabanni a watan Yulin 2018, lokacin da 'yan bindiga suka kashe fiye da mutum 30 a yankin. Da gona ta zama wurin da ba a zuwa sai da fargaba, kawunsa ya kama hannunsa ya damƙa wa wani mai walda a bakin tasha. Shekararsa ta farko ta ƙare a ɗebo ruwa, kankare tsatsa, tayar da janareta da riƙe ƙarfe ana ɗinkewa. A ta biyu aka ba shi tsinken walda, ya fara da ƙyauren gida da tagogi, har hannunsa ya faɗa. Ranar da aka miƙa masa ƙofar mota mai tsagewa, yana ɗora tsinke sai ga rami ya buɗe kamar an soka yatsa a takarda.

Dalilin yana cikin kaurin ƙarfen. Ƙarfen ƙyaure da na keji yakan kai milimita 2 zuwa 3, yana shanye zafi ya watsa shi. Fatar bodin mota kuwa ba ta cika kai milimita 1 ba. Ƙarfe na narkewa a wajen digiri 1,500 na ma'aunin salshiyas, wutar lantarkin da ke bakin tsinke kuma ta ninka haka, don haka tsinke mai geji 12, wanda ya dace da ƙyaure, yakan huda bodi kafin ya haɗa shi. A ƙasashen da lantarki ya wadata, injin MIG ake ba ɗan koyo, mai turo siririyar waya da kansa a ƙarƙashin iskar da ke kare narkakken ƙarfe. Amma injin na bukatar tukunyar iska ta musamman da naɗin waya da tsayayyar wuta, ukun nan kuwa ba a bakin tashar Gandi suke ba.

Abin da ke akwai shi ne waldar gas. Kabaid, wanda wasu 'yan kasuwa ke nunar da ayaba da mangwaro da shi duk da hanin hukuma, idan ya haɗu da ruwa yakan fitar da iska mai kamawa da wuta. A gauraya ta da iskar oksijin, sai a sami harshen wuta mai zafin da ya haura digiri 3,000. Amfaninsa ga mai aikin bodi shi ne ana iya matso da shi, a janye shi, a rage shi, ido na kallon ƙarfen yana ja kafin ya narke. Aibinsa kuma shi ne yana dumama fili mai faɗi, faffaɗan ƙarfe siriri kuwa da ya ji zafi sai ya buɗe, in ya huce ya tsuke, ya bar tudu da kwari kamar tsohon faranti.

A nan ne matashin ya ci karo da darasin da ya fi ba shi wuya. Maƙera sun ce da zafi-zafi ake bugun ƙarfe, kuma a gaban uwar maƙera gaskiya ne. A jikin mota, jira shi ne rabin aiki. Ba a jan ɗinki ɗaya daga wannan baki zuwa wancan. Ɗigo ake yi nan, a tsallaka nesa a yi wani, a dakata har tafin hannu ya iya zama a wurin, a tokara ƙarfe ta baya a ɗan bubbuga ɗigon da guduma don ya saki, sannan a dawo a cike tsakani. Duk sanda maigidansa ya ga yana sauri, magana ɗaya yake yi masa: "Yaro, bari shi huce. Ƙarhe ba shi son gaggawa."

Wata rana da la'asar, maigidan ya tafi Rabah, sai ga wani direba da akori-kura. Gindin ginshiƙan da aka ƙara wa bangon motar ya ci tsatsa, biyu daga ciki har suna girgiɗi. Direban ya ce, "Kai yaro, ɗan liƙa mani ka shafa foti, gobe kasuwa." Matashin ya ƙwanƙwasa wurin da guduma, ɓawon tsatsa ya zubo. Ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. In na liƙa bisa wannan ba ya riƙewa. Sai an yanke an sa sabo, aikin kwana guda ne." Direban ya yi tsaki ya ja motarsa zuwa wani wuri, kuɗin cefanen ranar suka bi shi. Da maigidan ya dawo ya ji labari bai yaba ba, bai kuma yi faɗa ba. Washegari dai ya bar masa gyaran wata bas shi kaɗai.

Abin da matashin ya ƙi yi shi ne babbar jarrabawar sana'ar. Walda ba ta kama tsatsa, ba ta kama fenti ko maiƙo. Sai an kankare har farin ƙarfe ya bayyana. Ɗinkin da ya hau sama bai ratsa ciki ba yana iya yin kyau a ido, giranda ta goge shi, foti ya cike ramukan, fenti ya rufe. Daga ranar babu mai sake ganinsa, mai mota ko jami'in duba motoci, sai ranar da taya ta faɗa rami da buhu 30 a baya. Tela in ya yi ha'inci riga ce za ta yage. Mai waldar bodi amanar da ke hannunsa ta mutanen da bai taɓa gani ba ce.

Motocin ma sun sauya a hannun masu sana'ar. Manyan yau da yawa sun koyi aiki ne a kan Fijo 404 da 504, irin waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, masu ƙarfe mai laushi da ke jure a gasa shi a miƙe. Hilux da Kanta suna da shasi daban, bodi daban. Amma Golf da Corolla da Sharan bodinsu shi ne ƙashin bayansu, an haɗa shi da dubban ɗigon walda a masana'anta, kuma a sababbin ƙira ginshiƙan gefe da dogayen ƙarafan ƙasa na ƙarfe ne mai ƙarfi na musamman. A gasa irin wannan har ya yi ja don a miƙe shi, ƙarfinsa ya tafi, ko da siffarsa ta dawo. Ɗan koyon da ba a faɗa masa haka ba zai yi aiki tsakaninsa da Allah, ya kuma mayar da mota gwangwani.

Sai kuma jikin mai aikin. Matashin ya taɓa kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi a ido, sa'o'i bayan ya yi waldar lantarki da baƙin tabarau na kasuwa. Hasken ne ke ƙona fatar ƙwayar ido, kuma kariyarsa gilashin walda mai lamba 10 ko 11. Hayaƙin ma ba abin wasa ba ne: a 2017 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Tukunyar kabaid ta haɗin gida na iya fashewa in iska ta taru da yawa ko wuta ta koma ta cikin tiyo. Tankin mai kuwa, wanda aka juye ya fi cikakke haɗari, domin tururin da ya rage shi ne ke tashi.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kowane minti na janareta kuɗi ne, kuma matsin nan kai tsaye yake tura ɗan koyo ga gaggawar da ƙarfe ba ya so. Hukumomin da aka kafa domin irinsa suna nan: ITF tun 1971, NDE tun 1986, ga jarrabawar sana'a ta ma'aikatar ƙwadago mai mataki uku, ga yunƙurin hukumar NBTE na ba masu sana'ar kasuwar Panteka ta Kaduna takardar shaidar abin da suka riga suka iya. Horon kwanaki kaɗan a Rabah ko Wurno kan sabon ƙarfe da kariyar ido zai isa garejin da littafi bai taɓa shiga ba.

Kafin nan, mai mota na da rabonsa. Ya nemi a nuna masa ɗinkin, gaba da baya, kafin a shafa foti. Ya biya kuɗin kwanan da aikin ke bukata. In kuma ya tarar da yaro na walda da tabarau, ya tuna gilashin ƙwarai bai kai kuɗin taya guda ba.