Ziyara Zuwa Lambun Sissinghurst, Inda Ake Yi Wa Fure Aski

Cikin watan Yuli ne wani ƙanena da ke zaune a Landan ya matsa lallai kada in baro Ingila ban ga lambun Sissinghurst ba. Muka hau jirgin ƙasa daga tashar Charing Cross zuwa Staplehurst, tafiyar kamar awa guda, daga nan mota ta ƙarasa da mu cikin karkarar Kent.

Marubuciya Vita Sackville-West da mijinta Harold Nicolson ne suka sayi wurin a 1930, lokacin kusan kango ne. Suka tsara lambun ɗaki-ɗaki, katangun jan bulo da shingayen itatuwa sun raba su, ga kuma doguwar hasumiya inda matar take zama tana rubutu. Ta rasu a 1962, ƙungiyar National Trust ta karɓi wurin a 1967.

To, abin da ya tsaya mini a rai wani abu ne daban. A bakin wata hanya na tarar da wata ma'aikaciya a durƙushe da almakashi, ta kama wani tsiro mai shuɗin fure da ake kira jeraniyom tana yi masa aski ƙwal-kwabo, alhali da sauran furanni jefi-jefi a jikinsa. Baro cike da ganye! Raina ya ɓaci, na ce wa ƙanena kuɗin shiga muka biya mu ga fure, ga shi ana kwashe shi zuwa juji.

Ya yi dariya ya tambaye ni, me ke faruwa da kuɓewa in an bar ta ta ƙosa a jikin uwarta? Nan take na gane. Duk wanda ya taɓa noman kuɓewa ya san in ba a tsinke ta bayan kwana biyu ko uku ba, sai ta daina haihuwa. Haka fure yake. Burin tsiro shi ne ya yi iri, da zarar ya samu sai ya miƙe ƙafa. In an cire furen da ya yi yaushi kafin iri ya ƙullu, ƙarfin sai ya koma ga sabon toho.

Aikin iri-iri ne. Wardi mai maimaita fure ana datse shi ne daidai saman wani lafiyayyen ganye. Jeraniyom kuwa da dalfiniyom, mai dogon zangarniya kamar gero, har kusa da ƙasa ake yanke su, a ba su ruwa da taki. Wurin zai zauna fayau mako biyu ko uku, baƙi na wucewa suna taɓe baki irin nawa, kafin sabon ganye ya rufe shi. Fure na biyu yakan zo wajen Satumba, bai kai na farko yawa ba. Wanda ya yi jinkirin yanka kuwa, sanyi zai riga furen isowa.

Amma ba kowane tsiro ke amsa almakashi ba. Da yawa daga cikin tsofaffin wardin da Vita ta fi ƙauna sau ɗaya tak suke fure a shekara, wajen watan Yuni, ko me aka yi musu. Mu da muka zo a makare, ƴan kaɗan muka tarar.

Kafin mu tafi mun hau hasumiyar. Daga can sama na hango ma'aikaciyar ta matsa gaba da baronta, ta durƙusa gaban wani tsiron.