Hotuna uku na samu cikin wayata

Yau ba tsadar buhun hatsi ko yankewar kuran na zo da ita ba, wata kunya ce da ta kama ni nake so in faɗa maku.

Farkon watan Satumba 2024, da ruwa ya kayar da tsohon masallacin Birni a nan Damagaram, ina bakin aiki. Masu saurare sai kira suke, wasu daga Agadas, wasu daga Kano, har da wani da ya ce daga Libiya yake. Bayan mun gama shiri wani ya rubuto mani a WhatsApp: "Kai da kake ɗan gari, kuma kullum muna ganin hotunanka, turo mamu na masallacin." Na buɗe waya na yi ta ja. Uku na samu. Duka ukun daga wuri ɗaya na tsaya, duka ranar sallah, kuma a biyu abokaina sun tare rabin ginin da manyan rigunansu. Gini ya haura shekara 150 a tsaye, ni na wuce ta gabanshi ba adadi, abin da na ajiye ke nan.

Gaskiya dama na jima da gajiya. Tun ina lise nake ɗaukar hoto, da ƙaramar kamara ta aro. Ƙofar fada, duwatsun Birni, faɗuwar rana, dawaki ranar hawa. Shekara ta juyo, in sake ɗaukar su. Har na fara cewa garin nan ya ƙare mani, sai in na tafi Agadas ko bakin kogi a Yamai zan samu abin ɗauka. Ashe garin yana nan, idona ne ya ƙoshi.

Abin da ya fid da ni daga wannan hali, aikina ne na radiyo. Mu an koya mamu in ka shiga wuri ka yi shiru tukuna, ka ji me wurin ke cewa kafin ka kunna mikoro. Sai na ce bari in gwada da hoto. Wata safiya bayan asuba na hau dutse na zauna, na bar waya cikin aljihu, na rufe ido. Abin da na fara ji ƙarar bidon ce, fanko, suna bugun juna a kan amalanke. Na sauka na bi ƙarar. Ta kai ni wani lungu da ban taɓa shiga ba, inda yara suka jera bidon rawaya tun daga bakin pampo har gindin wani ƙaton dutse. Dutsen nan na sha ɗaukar shi daga nesa, shi kaɗai, kamar na kalanda. Ranar na durƙusa ƙasa na ɗauke shi ta tsakanin bidon. Duk ɗan Damagaram da ya ga hoton bai tambaye ni ina ne ba, kuma ba wanda ya yi maganar kyaun dutse. Maganar ruwa aka yi ta yi.

Daga nan na riƙa bin kunne. Sautin daka ya kai ni wani gida mai zane a fuskar soro, rabin zanen ya zube, tubali ya fito fili. Na yi sallama, wata tsohuwa ta leƙo. Na ce, "Inna, bangon nan nake so in ɗauka in kin yarda." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Yarona, da yana da kyau ba ku zo ba, sai yanzu?" Ban samu amsa ba. Ta yarda dai, da sharaɗin kada ta fito a ciki. Na koma sau huɗu, don hasken ƙarfe bakwai na safe ne ke fito da tudun zane, yana zuwa daga gefe yana ba kowane layi inuwarshi. Da rana tsaka bangon sai ya koma fari fat, ba ka ganin komai.

Hazo ma da nake ƙi, yanzu jiran shi nake. Cikin hunturu duwatsu na nesa suna shiga bayan juna, na gaba baƙi, na baya toka-toka har su ɓace. Sai dai a goge gilashin kamara da gefen riga kafin a ɗauka, ƙurarmu ba ta da kunya. Kuma don Allah in za ku turo ma wani hoton da kuke so ya daɗe, ku aika shi a matsayin dokima, don WhatsApp yana matse hoto ya rage mashi kyau.

Ba zan ɓoye maku ba, hotunan nan ba su samun yabo kamar na faɗuwar rana. Wani ma ya ce ina tona asirin gari. Na ji zafin maganar, na kwana ina juya ta, amma ban goge ko ɗaya ba.

Satin da ya wuce na sake bi ta gidan Inna. An shafe bangon da siminti, sumul. Jikanta ya ce in turo mashi tsohon hoton, tana so ta gani.