Mun Ziyarci Sha-Kauci a Dajin Amurum

Ran Asabar da sassafe muka tashi daga Jos da 'yan makarantarmu, muka nufi gabas kamar kilomita 15, har ƙauyen Laminga. Nan dajin Amurum yake, cikin duwatsu da kwazazzabai masu inuwa, inda aka hana sara da farauta.

Mun zo neman sha-kauci ne. Ɗan tsuntsu ne ƙarami, bakinsa siriri mai lanƙwasa. Namijin yana ƙyalli, wani kore, wani da jan ƙirji. Macen kuwa ba ta da ado. Muka zauna shiru ƙarƙashin wani itace mai kauci a reshe. Ba da jimawa ba sai ga ɗaya ya sauka, ya zura baki cikin furen yana shan zaƙinsa. Furen ya buɗe, ya bar masa gari a ka, ya kai wa na gaba. Da haka kaucin yake samun 'ya'ya. Muka kuma ga sheƙarsa tana lilo kamar 'yar jaka, an ɗaure ta da yanar gizo, ƙofarta a gefe.

Wani yaro ya tambaya, “Malam, don me ba ma ganinsu a unguwarmu?” Muka tuna masa da itatuwan da aka sare domin girki, da danƙon da ke aljihunsa. Ya sunkuyar da kai.

Iyaye, Ubangiji ne yake ciyar da tsuntsaye, amma a kan itace ya ajiye musu abincinsu. In damina ta zo, bari kowane gida ya dasa ko guda ɗaya.