Yini guda a hanyar Dutsen Ventoux

Wannan makon zan fitar da ku daga shagon magani, mu leƙa kudancin Faransa, inda muka kai wa ƙanin maigidana ziyara a birnin Avignon cikin watan Yuli. Idan Allah Ya kai ku yankin, ku ware yini guda domin Dutsen Ventoux, wanda tsayinsa ya kai kimanin mita 1,910. Daga nesa za ku rantse ƙanƙara ce ta lulluɓe kansa, alhali farin dutse ne zalla, ba bishiya ko ɗaya.

Hanyoyi uku ne ke kaiwa ƙololuwa: ta Bédoin, ta Malaucène, da ta Sault. Mai iyali ya bi ta Sault. Ta fi tsawo, kusan kilomita 26, amma hawanta ya fi sauƙi. Sai dai kafin ku isa garin, idan kun biyo ta Carpentras kuka ratsa kwazazzabon Nesque, za ku sha kwana-kwana. Titi ne siriri da aka sassaƙa a jikin dutse, nan ya shige rami, can ya fito a bakin gangare mai zurfin da ba a son leƙawa. A nan ƙaramar 'yata ta fara cewa cikinta na juyawa.

Laifina ne, kuma abin kunya ga mai sana'ata. Maganin amai na tafiya irin su Stugeron ana shan sa ne awa biyu kafin a tashi, ba bayan zuciya ta fara tashi ba, ni kuwa yana cikin jaka na manta. Ku lura, ba a ba yaron da bai kai shekara biyar ba, kuma direba kada ya kusance shi, domin yana sa barci. Abin da ya cece mu shi ne tsayawa, da karɓe wayar da take kallo, da sa ta riƙa hangen nesa ta gilashin gaba.

Sault kuwa sai wanda ya gani. Gonakin labanda ne shuɗi-shuɗi har iya ganinku, jefi-jefi ga gonar alkama ta yi ruwan zinare, iska duk ƙamshi. A kasuwa za ku samu zuma da man labanda a 'yan kwalabe. Ku saya, amma man na shaƙa ne da shafawa bayan an sirka shi da wani mai. Ba a sha, kuma a ɓoye shi daga yara.

Daga nan sai daji mai inuwa, har ku kai wani wurin hutawa da ake kira Chalet Reynard. Saura kilomita shida ke nan, kuma daga nan bishiyoyi ke ƙarewa. Babu komai sai fararen duwatsu, da rana, da masu keke suna haki a gefen titi. Ku ba su hanya, domin dutsen nan kusan nasu ne: yana cikin wurare mafi wuya a gasar tseren keke ta Tour de France.

Kimanin kilomita ɗaya kafin ƙololuwa, a hannun dama, akwai wani allon dutse da aka kewaye da gorunan ruwa na masu keke. A nan Tom Simpson, ɗan Ingila mai shekara 29, ya faɗi ranar 13 ga Yuli, 1967, ana tsakiyar gasa cikin tsananin zafi. Jirgi mai saukar ungulu ya kai shi asibiti a Avignon, amma rai ya yi halinsa. Bincike ya nuna akwai ƙwayar amfetamin da barasa a jikinsa.

Na daɗe tsaye a wurin. Irin wannan ƙwaya ba ta ƙara wa jiki ƙarfi. Abin da take yi shi ne toshe muryar gajiya, wadda ita ce ke cewa mutum ya tsaya. Zuciya na gudu, zafin jiki na hauhawa, ruwa na ƙarewa, shi kuwa yana jin garau. Simpson ƙwararre ne da ya taɓa zama zakaran duniya, duk da haka jikinsa bai ɗauka ba. Sai na tuna direbobin doguwar tafiya da ɗalibai masu jarrabawa da ke zuwa kantinmu suna raɗa mini, "Hajiya, a ba ni na hana barci." Kusan kullum ransu a ɓace suke fita.

A ƙololuwa akwai doguwar hasumiyar sadarwa, da iska mai neman ture mutum. Ku riƙe rigar sanyi ko da kun baro gumi a ƙasa, domin kowane hawan mita dubu na rage zafi da kusan digiri shida. Idan sarari ya washe, za ku hango tsaunukan Alps ta gabas, kwarin kogin Rhône kuma shimfiɗe ta yamma.

Mun sauko ta Malaucène. Gangaren ya yi tsanani, don haka ku sa mota a ƙaramar giya, kada birki ya yi zafi. Kunnuwan yara sun toshe, muka raba musu cingam. Kafin mu kai gindin dutsen, mai ciwon cikin nan ta soma tambayar inda aka ajiye zumar.