Tsatsar da Ke Ɓoye a Ƙarƙashin Roba

Mu da ke Arewa mun saba ɗauka cewa tsatsa matsalar biranen bakin teku ce, irin su Legas, inda iska ke ɗauke da gishiri. Sai dai duk wanda ya riƙe tsohuwar Peugeot 504, irin waɗanda aka harhaɗa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, ya san ruwan da ke cin mota shi ne wanda ido ba ya gani.

Wadda ke hannuna gadon mahaifina ce, kuma ita ta koya mini yadda abin ke faruwa. Zafin rana yana busar da robar da ta kewaye gilashi, da ƙofofi, da but, har ta tsattsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga: ƙurar hunturu ta cika tsagin, damina ta mayar da ita taɓo. Tsatsa ba ta buƙatar komai sai ƙarfe, ruwa da iska, taɓon kuwa yana riƙe danshi kwana da kwanaki. Da yake tsatsa ta fi ƙarfen da ta ci kauri, sai ta ɗaga robar, ruwa ya ƙara samun hanya. Kafin fenti ya yi ƙuraje a gefen gilashi, ɓarnar ta yi nisa.

Saboda haka na ɗora wa kaina ka'ida. Bayan wanki ko ruwan sama, ina buɗe ƙofofi da but, in goge bakin robar, in bar iska ta ratsa. Kafin damina ina zura waya a ƙananan ramukan da ke ƙasan kowace ƙofa, domin ta nan ruwan da ya bi gilashi ke fita. Ba na shafa wa roba baƙin mai, yana kumbura ta. Ba na toshe tsagi da silikon mai warin tsami, domin sinadarin da yake fitarwa yana cin ƙarfe. Tampol ma tarkon danshi ne; rumfa ta fi shi. Robar da ta mutu kuwa a cire ta, a kankare ƙarfen, a yi masa fenti, sannan a sa sabuwa.

Inji idan ya lalace ana gyarawa ko a sauya. Amma ranar da bakin gilashi ya ruɓe, sai mai walda ya yanka ya yi faci, kuma motar ba za ta koma yadda ta fito ba. An daina ƙera 504. Kowace da tsatsa ta cinye, ta tafi ke nan.